Sifirin Gaba da Injin Gas a Hanyar Birnin Gwari

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Gayam ya kalli motocin masara da gawayi da katako suna wucewa zuwa Kaduna, zai lura da abu guda idan yana da idon mota. Wata tana tafe hancinta a ɗage, wata kuwa ta sunkuyar da kai kamar jakin da aka labta wa mangala. Jama'a sukan ɗora laifin a kan lodi. Sau da yawa ba lodin ba ne. Injin da ke zaune a gaba ne ya fi ƙarfin sifirin da ke ɗauke da shi.

Sifirin ya girmi mota. Tun zamanin keken doki ake jera faifan ƙarfe a ɗaure su wuri ɗaya don su sha girgizar hanya, kuma a 1804 wani maƙerin kekuna a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irin nasa. Da mota ta zo sai ta gaji wannan dabara yadda take: sandar ƙarfe guda ta haɗa tayoyin gaba biyu, sifirin na bisanta. Kamfanin Ford bai rabu da wannan tsari a ƙananan motocinsa ba sai bayan 1948. Shi ya sa samarin Amurka masu cusa manyan injuna cikin tsofaffin Ford don tsere suka daɗe suna fama da tambayar da bakaniken Kaduna ke fama da ita, ko da yake su don nishaɗi suke yi, shi kuwa abincinsa ne.

Injin gas ya zo daga baya. Rudolf Diesel ya tayar da nasa a Augsburg ta Jamus a 1897, amma sai wajen 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka sa shi a manyan motoci. Nauyi na cikin abubuwan da suka jawo jinkirin. Injin fetur yana da fulogi mai kunna wuta. Na gas ba shi da shi: matse iska yake yi, ninki goma sha shida ko fiye, har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Tukunyar da za ta jure wannan matsi dole ta yi kauri, sassan cikinta ma haka, ga batir babba, ga lagireto babba. Mafi yawan wannan a kan tayoyin gaba yake sauka.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma shekara da shekaru shi ke kwashe gyaɗa da auduga da fatu. Birnin Gwari ba ta kan layin dogo. Rabonta ya zo ne ta titi, domin tsohuwar hanyar Legas daga Kaduna ta nan ta bi, ta wuce Tegina da Mokwa ta haye Kwara a Jebba, ga kuma wadda ta fito daga Funtuwa ta haɗe da ita. Da sufurin mota ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, motocin Ingila irin su Bedford da Austin ne suka cika hanyar. Kai da ƙashi kawai ake kawowa, kafintoci su ɗora bodin katako a nan gida. A 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa.

A wannan shekarar dai Mercedes ta fito da jerin motocinta masu gajeren hanci, waɗanda 911 ta fito daga cikinsu, wadda mutanenmu ke kira Roka. Injinta na gas mai silinda shida, lita 5.7, ya haura kilo 400 shi kaɗai. Amma da shi aka auna motar tun daga masana'anta, sifirin gabanta da shi aka yi lissafinsa. Ina ganin wannan ne sirrin da ya sa ta yi tsawon rai, har aka riƙa harhaɗa motocin Mercedes a ANAMMCO ta Inugu daga 1980, lokacin da Steyr ke Bauci, Fiat ke Kano, Peugeot kuma ke Kaduna tun 1975.

Matsalar da muke magana a kai ta yi ƙamari ne bayan 1986, da darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari mai sufuri. Sai aka koma ga injunan gwanjo daga Turai da Japan. Mota ta kashe injinta, a je kasuwa a ɗauko wanda aljihu ya iya, ko da ba na gidansu ba ne, mai walda ya gyara masa mazauni. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta. Ba mu kaɗai ba ne. A Sudan maƙera sun yi wa Bedford irin wannan gyara, suka ƙarfafa ƙashinta, suka ƙara mata sifirin, suka canza mata inji, har ta samu sabon suna, Sifinja.

To a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ƙara faifai a sifirin baya abu ne mai sauƙi, kowa na yi, don lodi ne kawai a kansa. Gaba kuwa tana ɗauke da inji, tana ɗauke da sitiyari, kuma idan aka taka burki nauyin motar gaba ɗaya can yake tunkuɗowa. In sifirin ya yi laushi sai ya kwanta, ƙashin mota ya riƙa dukan sandar tayoyi a kowane rami, sitiyari ya fara yawo, taya ta riƙa cin gefe ɗaya. In kuma aka cika masa faifai ya sandare, tayar ba ta bin ƙasa, tsalle take yi a kan gargada, burki ya rage kamu, girgizar da sifirin ya ƙi sha kuma ta koma tana tsaga ƙashin motar. Bakaniken kirki yakan auna tsayin hancin mota kafin a sauke tsohon inji, ya sake aunawa bayan an ɗora sabo, sannan ya ƙara faifai ɗaya ko biyu a ƙarƙashin uwar sifirin, iri ɗaya hagu da dama, ya canza ƙusoshin ɗauri da shokazoba su dace da sabon nauyin. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, ko a yi wa karyayye walda. Wuta tana kashe masa taurin da aka ba shi a masana'anta, kuma wurin da aka liƙa nan zai sake ɓallewa. Uwar sifirin gaba ita ce ke riƙe da sandar tayoyi a mazauninta. Ranar da ta karye mota na gudu, tayar gefen takan ja baya, motar ta nufi daji direba na riƙe da sitiyari.

Ƙananan motoci sun bi wata hanya. A-kori-kura ta Peugeot 404 da 504 naɗaɗɗen sifirin ne a gabanta, kowace taya da nata, mai daɗin tafiya amma maras son ƙarin nauyi. Arahar fetur a shekarun tallafi, wanda aka janye a Mayun 2023, ta sa masu irinta ba su damu da komawa gas ba. Toyota ma ta mayar da gaban Land Cruiser 70 naɗaɗɗe a 1999, sai dai ta bar sandar nan guda mai haɗa tayoyin gaba.

Motocin Kanta da Roka da tirela kuwa har yau faifai ne, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya san kilomita kusan 120 da ke tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, musamman a shekarun da ƴan bindiga suka addabi Buruku da Udawa da gefen dajin Kamuku. Lalacewar mota a wannan tsakani ba asarar lokaci ba ce kawai, rai ne a ciki. Faifai in ɗaya ya karye sauran sukan riƙe, yaran mota su ɗaure da sarƙa da gungumen itace a lallaɓa zuwa gari. Karyayyen ma ba a yar da shi. Maƙera ke sayensa, domin ƙarfensa na riƙe kaifi, su fitar da adda da gatari da bakin fartanya, a kai kasuwa kafin damina ta faɗi.