Hudar zuciya ga jarirai: yadda likitoci ke gano ta da hoto

Yau bayaninmu kan yaran da ake haifa da huda a zuciya ne. Kusan jariri 1 cikin 100 na zuwa duniya da wata matsalar zuciya, kuma huda na cikin waɗanda aka fi samu.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa, da bango tsakanin dama da hagu. In bangon bai rufe duka ba tun a ciki, jini sai ya riƙa tsallakawa, ya yi wa huhu yawa. Ta sama likitocinmu na ce mata CIA, ta ƙasa kuma CIV.

Uwa ce kan fara lura: yaro na gajiya wajen shan nono, yana gumi, numfashi sama-sama, ba ya ƙara nauyi, ciwon ƙirji na yawan dawo masa. Likita na iya jin wata ƙara in ya saurari ƙirjin, amma kunne ba ya auna huda.

Hoton ƙirji, wanda muke kira radiyo, yana nuna ko zuciya ta ƙara girma, amma ba ya nuna hudar kanta. Wanda ke raba gardama shi ne ekogarafin zuciya, irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita. Ba allura, ba zafi. Yana nuna inda hudar take, faɗinta da milimita, da inda jini ke bi, cikin launin ja da shuɗi. Ga manya, wani lokaci ta maƙogwaro ake zura na'urar, don a ga bangon sama da kyau.

Da wannan hoton ake yanke shawara. Ƙananan huda da yawa na rufewa da kansu yayin da yaro ke girma, sai dai a riƙa sake dubawa. Babba kuwa aiki take so da wuri, don in an daɗe jijiyoyin huhu na lalacewa, leɓe ya koma shuɗi, aikin ya gagara.

Don haka kar mu tsaya ga saƙi ko jiƙo. A kai yaro CSI mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa wurin likitan zuciya. Ƴan uwa da ke aiko kuɗin magani daga waje, ku tambaya: an yi ekogarafi? A adana takardar sakamakon, a tafi da ita duk ranar komawa. Allah ya raya mana su.