Tsabtace sababbin kayan sake ɗura harsashi

Tsabtace sababbin kayan sake ɗura harsashi shi ne aikin farko da ake yi wa na'urar matsa harsashi da sauran kayanta bayan an ciro su daga kwali, kafin su taɓa albarushi. Sake ɗura harsashi sha'awa ce da ta yaɗu a tsakanin mafarauta da masu gasar harbi, musamman a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson tagulla da aka riga aka harba don amfanin kansa. Daga cikin kamfanonin da ke ƙera kayan akwai RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943 a Kalifoniya, da Lee Precision a Wiskonsin, da Hornady a Nebraska, da Dillon a Arizona.

Dalili

Masana'antu kan shafe kayan ƙarfe da mai mai danƙo don kada su yi tsatsa a ɗakin ajiya ko a hanya. Wannan mai na kariya ne, ba na sauƙaƙa motsi ba. Yana kama ƙura da ɓurɓushin ƙarfen da ya rage daga wajen ƙira, kuma ɓurɓushi ɗaya ya isa ya riƙa karce duk kwanson da ya bi ta wurin. Abin da ya fi haka haɗari shi ne mai yana iya lalata albarushi da ɗan maɓallin da ke kunna shi. Harsashin da bai tashi da cikakken ƙarfi ba kan bar kansa maƙale a cikin bututun bindiga, harbi na gaba kuma yana iya fasa bututun.

Inda ake son mai

Na'urar matsi tana da sandar ƙarfe mai hawa da sauka idan an ja hannunta. Ana goge ta da tsumma mai tsabta, sannan a ɗiga mata man inji marar kauri. Gaɓoɓin da hannun ke juyawa a kansu su ma ana sa musu mai ko ɗan giris. Yawan mai ba ya ƙara komai sai tara datti.

Inda ba a son mai

Bututun ƙarfen da ke mayar da kwanso girmansa na asali ana kwance su gaba ɗaya, a wanke cikinsu da sinadarin da ke narkar da maiƙo, kamar alkohol, a bar su su bushe. Wasu suna da ɗan ramin fitar iska a gefe, wanda dole a duba ko ya toshe. Bayan haka kwanson ake shafa wa mai na musamman, shi ma kaɗan. Idan babu man, kwanso mai wuya yana maƙalewa a ciki. Idan ya yi yawa a kafaɗar kwanson, sai ya lotsa ta. Bututun da aka sa wa zoben kabaid, na kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki, galibi ba ya buƙatar wannan man.

Ma'aunin albarushi shi ne wurin da sakaci ya fi tsada. Duk ɓangaren da albarushi zai bi ana wanke shi har ya rabu da maiƙo sarai, domin ƙwayoyin albarushi kan manne a jikin mai, awo ya riƙa bambanta daga harsashi zuwa harsashi. A maimakon mai, masu aikin kan yi amfani da busasshen garin garafait, irin wanda ke cikin fensir. Mazubin roba na sama kuma kan ɗauki lantarkin gogayya ya riƙe ƙwayoyin, don haka wasu ke wanke shi da ruwan sabulu su bar shi ya bushe ba tare da gogewa ba. Kafin a fara ɗura harsashi, ana auna abin da ma'aunin ya zubo a kan sikeli sau da yawa, har a ga nauyin ya daidaita.