Tushen Waƙar Indiya: Daga Fadar Sarki Akbar Zuwa Gidan Kallo A Shanono

Mai karatu, in ka taɓa zama a gidan kallo a Shanono da daddare, bayan an dawo daga gona an ci tuwo, ka san yadda wuri ke yin tsit da zarar Lata Mangeshkar ta ja murya. Ba lallai a samu mai jin Indiyanci ko ɗaya a wurin ba, amma kowa ya na gyaɗa kai. To, abin da ka ke ji a cikin minti 5 ɗin nan ɗanɗano ne kawai. Tukunyar da aka ɗebo shi ta shekara ɗaruruwa a kan wuta a arewacin Indiya, sunanta waƙar Hindustani, kuma a gaban jama'a ake yin ta, ba a bayan kyamara ba.

Masu tarihin wannan fanni su kan faro ne daga Amir Khusrau (1253 zuwa 1325), mawaƙi kuma almajirin waliyyi Nizamuddin Auliya na birnin Delhi. Shi ake jingina wa kawali, wato begen da sufayen ƙasar ke yi har gobe. A zamaninsa da bayansa ne kiɗan Farisa ya gauraya da na Hindu, aka samu wani abu sabo.

Amma sunan da ya fi kowane tashi shi ne Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Salon da Tansen ya ke yi, durupad, mai nauyi ne, a hankali ake tafiya da shi kamar hawan sarki. Indiyawa na da almara cewa ya taɓa rera wata waƙa fitilu su ka kama da kansu, sai da aka rera ta ruwan sama sannan jikinsa ya yi sanyi. Almara ce, amma ta nuna maka matsayin da su ka ba murya. Kabarinsa na Gwalior, inda ake taron mawaƙa duk watan Disamba don tunawa da shi.

A zamanin Sarki Muhammad Shah (1719 zuwa 1748) wani mawaƙin fada da ake wa laƙabi da Sadarang ya ɗaukaka salon da ake kira kayal. Kalmar daga Larabci ta ke, ma'anarta abin da zuciya ta suranta. Wannan salon ne ya mamaye dandali daga baya.

Yanzu bari in kai ka wajen wasan. Mawaƙi zai zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. A bayansa akwai mai kaɗa tanpura, wani dogon molo mai tsirkiya 4 da ba ya sauya amo, aikinsa ya riƙe wa mawaƙi ma'auni. A gefe guda ga mai tabla, 'yan ganguna 2 da ake bugawa da yatsu. A ɗaya gefen ga mai sarangi, wanda in ka ji kukansa sai ka rantse gogenmu ne.

Abin da zai rera shi ake kira raga. Raga ba waƙa ɗaya ba ce. Hanya ce da aka shata wa murya: ga matakan da za ta taka in za ta hau, ga waɗanda za ta taka in za ta sauko, ga inda za ta tsaya ta huta. Kowace na da lokacinta. Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Darbari ta tsakar dare, Malhar kuwa ta damina. Manomin Shanono da ya taɓa tsayawa a bakin gona ya na duban gabas ko hadari zai haɗo, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa mutane za su ware wa ruwan sama waƙarsa.

Da farko mawaƙin zai yi ta jan murya shi kaɗai, babu ganga, ya na gabatar da matakan ɗaya bayan ɗaya. Sannan tabla ta shigo da zagayen bugu, wanda aka fi sani shi ne mai bugu 16. Baitin kansa bai fi layi 2 ko 4 ba, amma sai a shafe awa guda a kansa. Duk abin da ka ji ya ƙara, nan take ya ƙirƙiro shi. Gwanintar ita ce ya yi nisa da murya har ka ce ya ɓace, sai kawai ya faɗo daidai kan bugun farko tare da mai tabla. A nan ne za ka ji masu sauraro sun ce "wah!" Shi ya sa abin da aka ji daren jiya ba za a sake jin irinsa ba, ko da mutumin ne ya maimaita.

Wannan ilimi a gida ake gadonsa. Su na kiran gidan waƙa garana, kuma da sunan gari ake saninsa: Gwalior, Agra, Kirana, Jaipur, Patiala. Almajiri kan tare a gidan malaminsa shekara da shekaru ya na hidima, bayan an ɗaura masa zare a hannu alamar an karɓe shi. Ka ga ke nan bai da nisa da yadda Musa Ɗanƙwairo ya tashi a hannun mahaifinsa, 'ya'yansa su ma su ka tashi a nasa.

Sai zamani ya juya. A 1856 Turawan Ingila su ka tuɓe Wajid Ali Shah, sarkin Awadh mai son mawaƙa, bayan tawayen 1857 kuma sarautar Delhi ta ƙare. Inuwar da mawaƙa ke fakewa ta fara yayewa. Me su ka yi? A 1901 Vishnu Digambar Paluskar ya buɗe makarantar waƙa a Lahore, wadda ba sai ɗan gado ke shiga ba. A 1902 aka ɗauki muryar Gauhar Jaan a faifai a Kalkata, ta dunƙule waƙar awa guda cikin kusan minti 3, ta na faɗin sunanta a ƙarshe. Vishnu Narayan Bhatkhande ya bi gari-gari ya na rubuta ragogi daga bakin tsofaffi, aka yi babban taron mawaƙa a Baroda a 1916. A 1953 Bhimsen Joshi ya kafa taron shekara-shekara a Pune don tunawa da malaminsa, Sawai Gandharva. Wato da fada ta gaza, sai makaranta da rediyo da masu sayen tikiti su ka karɓa.

Daga nan fim ya ɗiba. Tun Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, waƙa ta samu gindin zama. A Baiju Bawra (1952) Naushad ya gina waƙoƙinsa a kan ragogi, ya kawo manyan gwanaye 2, Amir Khan da D.V. Paluskar, su ka yi gasar murya. A Mughal-e-Azam (1960), muryar Tansen da ka ji ta Bade Ghulam Ali Khan ce, jigon gidan Patiala. Ita kanta Lata a hannun mahaifinta, Deenanath Mangeshkar, ta fara koyo, sannan ta zauna gaban Aman Ali Khan.

Mu kuma ta silima abin ya iso mana, lokacin da Kwarori masu gidajen silima su ka fara kawo finafinan Indiya a shekarun 1950. Abdu Yaron Goge ya ɗora karin Indiya a kan gogensa. A Kano, Ushaƙu Indiya su ka juya karin zuwa begen Manzon Allah (SAW). Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyano ta shigo, aka yi ta kwasar kari daga Indiya.

Ga inda gizo ke saƙar, mai karatu. Mun ɗauko reshe mun baro saiwa. Wanda ya rera waƙar da mu ke kwaikwayo ya yi shekaru ya na gyaran murya tun asuba. Mu kuma namu gwanayen, irin su Narambaɗa, da Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Shata da ya rasu a 1999, sun bar mana kaset, amma yaran da ke zama su koyi kotso ko kalangu sai raguwa su ke yi. Indiyawa sun ga wannan haɗari shekara sama da 100 da ta wuce, su ka tashi tsaye. In akwai tsohon makaɗi a garinku da har yanzu hannunsa ke motsi, wannan kakar in an gama girbi a shirya masa wasa, a ɗauka, a kuma zaunar da yara a gabansa.