Turbo ko Babu Turbo: Darasin Hanyar Falgore ga Mai Son Tsohuwar Mota

Duk wanda ya ƙudura aniyar sayen tsohuwar motar gudu don ya farfaɗo da ita, ba ya daɗewa sai ya tarar da hanya ta rabu biyu. Da yawa daga cikin motocin da suka yi suna a shekarun 1980 da 1990 sun fito ne iri biyu, ɗaya mai turbo, ɗaya babu. Toyota Supra ta 1993 da aka kai kasuwar Amurka tana da ƙarfin doki 220 idan babu turbo, mai turbo kuwa 320. Nissan 300ZX ta 1990 tana da 222, 'yar uwarta mai turbo biyu tana da 300. A kan takarda zaɓin ba shi da wuya, domin kowa ya san 320 ta fi 220. Sai dai ma'aikacin Kano ko Zariya da zai zuba albashin shekara guda a irin wannan aiki yana da wani alƙali da ya kamata ya saurara kafin ya biya kuɗi, wato tarihin motocin da suka rayu a hanyoyin ƙasar nan da waɗanda suka mutu a kansu.

Hanyar da ta ratsa kudancin Jihar Kano ta isa misali. Matafiyi yana barin Kano a kan titin Zariya, ya wuce ƙasar Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take tun 1974, ya isa Kwanar Ɗangora a Ƙaramar Hukumar Kiru. Daga nan sai ya bar babban titi ya karya zuwa Tudun Wada, ya shiga dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Doguwa mai duwatsu, ya nufi Saminaka da Jos. A tafiya ɗaya mota tana gamuwa da miƙaƙƙen titi mai kiran gudu, da ramuka, da hawa, da ƙurar hunturu ko zafin bazara, da kuma doguwar tafiya cikin daji inda babu gareji. Falgore ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har gwamnatin jihar ta ba sojoji wurin atisaye a ciki. Direbobin wannan hanya sun daɗe da sanin cewa lalacewar mota a can takan wuce maganar asarar kuɗi.

Turbo kanta tsohuwar dabara ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi mata rajista a 1905. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska, kuma yawan iskar da ya shaƙa shi ke iyakance yawan man da zai iya ƙonawa. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Ta haka ƙaramin inji yake yin aikin babba. Kuɗin wannan ƙarfi shi ne zafi da sauri: sandar tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin fetur da ke kaɗa ta yana iya kaiwa ma'aunin zafi 900, kuma abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a ciki shi ne ɗan siririn man inji.

Karon farko da aka sa ta a motocin fetur na kasuwa shi ne a Amurka a 1962, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Labarin Jetfire ya cancanci a tsaya a kansa. Motar tana buƙatar wani ruwa na musamman, haɗin ruwa da sinadarin methanol, a wani tanki dabam, don hana inji fashewar mai kafin lokaci. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin, ƙorafi ya yi yawa, aka daina ƙera ta bayan 1963 ba a sayar da ko 10,000 ba. Daga baya kamfanin da kansa ya riƙa cire wa masu so turbo ɗin yana mayar musu da kafireta ta yau da kullum. Wannan ya faru ne a ƙasar da take da gareji a kowane lungu.

Turai ta karɓi ragamar bayan shekara goma. BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, daidai lokacin da rikicin man fetur ya tayar da farashi, don haka 1,672 kawai aka ƙera. Porsche 911 Turbo ta biyo baya a 1975, Saab 99 Turbo a 1978, Audi Quattro a 1980. Renault ta shigar da turbo gasar Formula 1 a 1977, ta ci tserenta na farko a 1979. Kafin tsakiyar shekarun 1980 kalmar ta zama ado, ana liƙa ta a bayan mota kamar lambar girma.

A daidai wannan zamani Arewacin Nijeriya ya bi wata hanya dabam. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar haya. A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da motoci sama da 50,000 a shekara. Injin 504 mai lita biyu ne, da kafireta, ƙarfinsa kimanin doki 100. Ba ta da turbo, ba ta da kwamfuta. Doguwar wagon ɗinta ita ce ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Jos ta Falgore, a-kori-kurarta kuma tana kwaso masara daga Doguwa da shinkafa daga Tudun Wada. Faransa ta daina ƙera salon ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har cikin shekarun 2000.

Kada a ɗauka wannan mota ba ta san tsere ba. A gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan turɓaya da laka na dubban kilomitoci, 504 ta yi nasara a 1975, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida ya sake ci a 1978. Datsun 240Z, cikakkiyar motar gudu ta Japan, ta ci a 1971 da 1973. Babu ɗaya daga cikinsu mai turbo. A irin wannan gasa, motar da ba ta tsaya gyara ba ita ke riga kowa isa.

Turbo ta zo ta karɓe waɗannan gasanni daga baya. Toyota Celica mai turbo ta ci Safari sau uku a jere, 1984 zuwa 1986. Peugeot 205 Turbo 16 ta ci gasar Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, 405 Turbo 16 ta ci a 1989 da 1990, a gasar da ta saba ratsa Agadez da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. Wannan ya tabbatar da cewa turbo tana iya jure ƙurar Sahara. Amma kowace irin wannan mota tana tafe ne da rundunar kanikawa, da manyan motoci cike da kayan gyara, ana kwance ta ana ɗaurawa kusan kowane dare. Direban Fijo da ya tsaya a Tudun Wada yana da sifana, da jarkar ruwa, da bakaniken bakin tasha.

Peugeot ɗin kanta ta ba da misali mafi kusa. Ta fitar da 505 a 1979, kuma Kaduna ta harhaɗa ta. A Turai an yi 505 Turbo Injection, mai ƙarfin doki 150 a farkonta. Jikinta ɗaya da wadda aka sani a nan, amma injinta mai lita 2.2 daga wani gida dabam ya fito, wanda Peugeot ta gada daga Chrysler na Turai. Wanda ya shigo da ita ya tarar cewa fitila da ƙofa da gilashi suna nan birjik a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, amma fistin da gaskit na injin sai an aika waje. Motar da ta fi ƙarfi ita ce ta fi daɗewa a gareji, ana jiran kaya.

Dalilai huɗu ne suke sa tsohuwar turbo ta fetur wahala a irin wannan ƙasa. Na farko man inji. Turbo ɗin farkon shekarun 1980 mai ne kaɗai yake sanyaya ta. Idan aka kashe mota da zafinta bayan gudu, man da ya tsaya a ciki sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. Jinkirin juye, ko man da ba na gaskiya ba, yana gama da ita cikin ɗan lokaci. Na biyu ƙura. Fankar da ke juyawa da wannan sauri, ƙwayar yashi tana cinye bakinta kamar zarto, don haka 'yar ɓaraka a matatar iska ta isa. Na uku fetur. An tsara waɗannan injuna ne don fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa, ban da na 'yan bumburutu a bakin hanya wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Ko a watan Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya lalata motoci. Na huɗu zafi. Matse iska yana ƙara mata zafi, kuma a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa 40 a Kano, fetur yana saurin fashewa kafin lokacinsa, wanda ke fasa fistin. Sai a 1982 Saab ta fito da na'urar da ke jin wannan fashewa ta rage matsin da kanta.

Kasuwa ta sake yanke irin wannan hukunci bayan 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Motocin Kwatano da na Beljiyam suka cika ƙasa, kowane iri akwai. Abin da direbobin haya suka tace suka riƙe shi ne Golf 3 mai ƙaramin inji marar turbo, da Sharan, da bas ɗin Toyota. Kanikawa ma sukan cire injekta daga wasu motoci su ɗaura kafireta, kwatankwacin abin da Oldsmobile ta yi wa Jetfire. Aikin yana rage ƙarfi yana ƙara shan mai, amma yana mayar da motar cikin abin da kowane gareji ya iya.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce turbo ba ta dace da ƙasar Hausa ba. Tireloli da tankokin DAF da MAN da Howo da ke wucewa ta Kwanar Ɗangora dare da rana kusan duk masu turbo ne. Bambancin shi ne injin dizal ba ya fama da fashewar mai kafin lokaci irin na fetur, hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, sannan yawan motocin ya haifar da kanikawa da masu sayar da kayan da suka ƙware a kansu. Inda aka samu yawa, gyara yana samuwa. Akwai kuma fa'idar turbo a kan tudu, domin injin da babu ita yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 na hawa. Amma Kano tana kan mita kusan 500 ne, Jos kuma kimanin 1,200, don haka asarar ba ta wuce kashi bakwai ba, abin da sauya giya ɗaya yake magancewa.

Ga mai shirin farfaɗo da mota, tarihin nan yana komawa tambayoyi ne da zai iya amsawa kafin ya saya. Shin injin yana da 'yan uwa a ƙasar nan? Injin Supra marar turbo, alal misali, shi ne a cikin Lexus GS300 da IS300 na wancan zamani, kuma waɗannan an shigo da su Nijeriya, don haka ana iya samun kayansa. Shin akwai bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa? Shin an san yadda masu ita na baya suka riƙe ta? Mota mai turbo da ta shekara talatin ta fi yiwuwa ta sha wuya a hannun masu son gudu, kuma tiyo-tiyo da wayoyinta sun daɗe suna gasuwa. Sannan ina za ta riƙa zuwa? Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ita ma kowace lita ta shiga lissafi.

Wanda motarsa za ta zauna a rumfa a Kano ko Abuja, ta fita ranar Asabar, yana da amintaccen bakanike da halin yin odar kaya da jiran su, zai iya ɗaukar mai turbo, kuma ita ce ta fi riƙe daraja a kasuwar masu tara tsofaffin motoci. Sharaɗinsa shi ne juye a kan kari da mai na gaskiya, sabuwar matatar iska, lagireto mai lafiya, da barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe. Wanda kuwa yake son motar da zai kai iyali Tiga da ita, ko ya je ɗaurin aure Riruwai ya dawo a ranar, kuma wannan ne aikinsa na farko, marar turbo ce tasa. Kuɗin da ya rage masa sai ya zuba a birki da taya da ƙafafu, waɗanda su ne hanyar Doguwa take fara tambaya. Har yanzu akan ci karo da a-kori-kurar Fijo a kasuwannin ƙauyukan yankin ɗauke da buhuna, shekaru da dama bayan Kaduna ta daina ƙera ta, kuma injin da ke jan ta shi ne mai doki ɗari ɗin nan.