Tarihin Da Ke Rubuce A Jikin Dutsen Zinare

Duk ɗan Jibiya da ya taɓa tsallaka iyakar Magama ya nufi Maraɗi ya san Ɗan Isa. A yankin ne ramin zinare ya rufta a watan Nuwamba na 2021, ya hallaka aƙalla mutum 18. Tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsu shi ne ke ƙarƙashinmu, shi ne kuma ya miƙe har Anka da Maru a Zamfara, inda Turawan mulkin mallaka suka yi ta haƙar zinare a shekarun 1930.

Masana ilmin ma'adinai sun bayyana cewa sama da shekaru miliyan 500 da suka shuɗe, ƙasar nan ta motsa, duwatsu suka tsattsage. Ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagogin ɗauke da narkakken zinare da dalma da farar wuta. Da ya huce, sai ya bar jijiyoyin farin dutse. A cikin farin dutsen akwai ƙananan ɗigon wancan ruwa da suka maƙale. Idan aka daskarar da su kuma aka ɗumama su a ƙarƙashin madubin bincike, sukan nuna zafin da ruwan ya kai da yawan gishirinsa. Inda dalma ta haɗu da farar wuta kuwa, sai ta zama tozali, irin wanda iyayenmu ke zubawa a tandu. Ashe a wasu ramukan, zinare da dalma tagwaye ne.

Rashin karanta wannan shaida ya jawo babbar asara. A 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. An riƙa daka dutsen a tsakar gida, ƙurar dalma na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu.

Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Matasanmu da ke fita neman zinare su sani: dutsen da ke ƙyalli baƙi-baƙi kamar tozali ba a kai shi gida, ba a niƙa shi kusa da yara. Allah ya ba mu arzikin da za mu ci lafiya, amin.