Tsaunukan da Suka Shuɗe a Ƙarƙashin Ƙasar Gobir

Tarihin Gobir da aka saba ji yakan taso daga Azbin, ya biyo ta Birnin Lalle zuwa Alƙalawa, wadda ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808. Amma ƙasar da Sabon Birni da Isa da Burkusuma ke zaune a kai ta girmi wannan labari nesa ba kusa ba. Yashi da lakar da Gulbin Rima ke shimfiɗawa a fadama, Bunsuru da Gagare ne ke kwaso su daga duwatsun Katsina da Zamfara, su kuwa duwatsun nan saiwar wasu tsaunuka ne da suka taso kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon dunƙulen ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da waɗanda ke gabas da shi. J. D. Falconer, wanda ya yi safiyon ma'adinai a Arewa farkon zuwan Turawa, shi ya raba duwatsunmu gida biyu a littafinsa na 1911: tsofaffi, irin na Kwatarkwashi da Kufena, da na baya-baya masu kuza a Jos. Layin karon ya taso daga Hoggar a Aljeriya, ya ratsa Mali da Benin da Togo, ya ci gaba a arewa maso gabashin Brazil, wadda a lokacin manne take da mu.

To, tsaunin da ruwa da iska suka riga suka cinye, da me za a auna girmansa? Amsar ta fito ne daga tsibirin Adak na Alaska. A 1978 Robert Kay ya bayyana wani dutsen aman wuta na can mai baƙon sinadari, a 1990 kuma Marc Defant da Mark Drummond suka raɗa wa irinsa suna adakait. Alamarsa ita ce yawan sitirontiyom, sama da kashi 400 cikin miliyan, da ƙarancin itiriyom, ƙasa da kashi 18. Idan dutse ya narke a wuri mai zurfi ƙwarai, matsin wurin yakan haifar da ma'adinin ganet, wanda ke riƙe itiriyom ya hana shi tafiya, yayin da farin ma'adinin da ke riƙe sitirontiyom ba ya jure wannan matsi, sai ya sake shi cikin narkakken dutsen. Kamar tatar gasara ne, abin da ya wuce cikin ƙwarya ya dogara ga abin da ya tsaya a rariya. Defant da Drummond sun ce tukunyar wannan narki ita ce ɓawon ƙasan teku mai ɗumi, wanda bai kai shekara miliyan 25 ba, sa'ad da yake nutsewa ƙarƙashin nahiya.

Tibet ce ta rikita wannan bayani. Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, amma a 2003 Sun-Lin Chung da abokan aikinsa suka nuna cewa kudancin Tibet na da duwatsu masu wannan alama da suka daskare tsakanin shekara miliyan 26 zuwa 10 da suka wuce, bayan babu sauran tekun da zai nutse. Suka ce gindin nahiyar ne da kansa ya narke, domin karon ya ninka kaurin ɓawon ƙasar ya kai wajen kilomita 70. A ganina nan gaskiyar take: alamar tana shaidar zurfin da narkin ya faru, ba ta shaidar asalin abin da ya narke. Kuma wannan ne amfaninta gare mu, domin dutsen Zamfara da ya nuna ta, idan shekarunsa suka dace da lokacin karon Afirka ta Yamma, yana gaya mana kaurin ƙasar da ke samansa a zamanin.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A 1999 Paterno Castillo ya nuna, daga tsibirin Camiguin na Filifin, cewa narkakken dutse na gama-gari ma zai iya samun alamar idan wasu ma'adinai suka daskare suka fita daga cikinsa a hanya. Haka ne, amma wannan ya rushe gaggawar yanke hukunci ne kawai, bai rushe ma'aunin ba. Sai a haɗa da wasu shaidu: narkin da ya ratso daga ɓawon teku yakan ɗebi magniziyom a hanyarsa, na gindin nahiya kuwa yakan zo da ƙarancinsa da yawan fotasiyom, sannan ƙwayoyin zirkon su ba da shekaru. Awo guda ba ya isa shaida.

Wani kuma zai ce ai a Tibet da Chile irin waɗannan duwatsu na tafe da tagulla da zinariya, don haka labari ne mai daɗi ga Zamfara. Nan ma a yi hattara. Zinariyar Anka da Bukkuyum tana cikin jijiyoyin ƙanƙarar dutse ne da suka cika tsagogin da karon Afirka ta Yamma ya bari, wata hanya ce daban, kuma a wasu ramukan tafe take da dalma, abin da ya kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. A Gobir ta arewa kuwa, tsofaffin duwatsun sun nutse ƙarƙashin duwatsun yashi na kwarin Sakkwato, waɗanda masana suka sa wa sunan Gundumi, saboda haka mai son auna su sai ya gangara kudu wajen Ƙaura Namoda da Gusau, ko ya jira abin da injin haƙar rijiyar burtsatse mai zurfi zai fito da shi.