Tarihin Aikin Jinya a Yankin Zobe

Aikin jinya shi ne kula da maras lafiya bisa horo da lasisi: lura da yanayin jikinsa, tsabtace shi, ba shi magani yadda aka rubuta, da rubuta abin da aka gani da abin da aka yi. Wannan maƙala ta shafi yadda aikin ya shigo ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi a tsakiyar Jihar Katsina, yankin da madatsar ruwa ta Zobe take, wadda aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983.

Saɓani a kan mafari

Littattafan da ɗaliban jinya ke karantawa ba su haɗu a kan shekara guda ba. Wasu suna farawa daga 1930, lokacin da gwamnatin Turawa ta yi dokar aikin ungozoma. Wasu sun ce 1947, shekarar da aka kafa Majalisar Aikin Jinya ta Nijeriya, aka fara rajistar ma'aikata. Wasu kuma suna ɗaukar 1952, da aka buɗe makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan, ko 1979, da doka ta 89 ta haɗe hukumar ungozoma da ta jinya suka zama majalisa ɗaya. Idan ana maganar sana'a mai doka, 1947 ce ta fi ƙarfi, domin daga ita ne aka samu littafin da ake shigar da sunan mutum, ake kuma iya cire shi idan ya ci amanar aiki. Sai dai duk waɗannan shekaru na Legas ne da Ibadan. Babu wadda ta faɗi ranar da mutumin Kurfi ya fara miƙa hannunsa ga wanda aka koya wa wanke ciwo.

Labarin Florence Nightingale da makarantarta ta Landan ta 1860 sananne ne, haka ma na Rufaida al-Aslamiyya, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu tantinta bayan yaƙin Khandaƙ. Kowane ɗan aji ɗaya ya haddace su.

Kafin asibiti

Jinya a ƙasar Katsina aikin gida ce. Uwa, ko goggo, ko babbar ɗiya, ita ke zama da maras lafiya, ta dama masa kunu, ta wanke masa jiki. Ungozoma takan zo ne yawanci bayan an sauka, ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta kula da wankan jego. Wanzami na da ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori na da karaya. Wannan tsari bai gushe ba da asibiti ya zo. Shiga ya yi cikin asibitin, kuma har yau duk wanda aka ba gado sai ya zo da mai jinyarsa.

Zamanin En'e

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, birnin Katsina ya samu asibitin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, kuma daga shekarun 1930 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Dutsin-Ma ƙasar Yandaka ce, Kurfi ta Maraɗi, dukansu a ƙarƙashin En'e ta Katsina, don haka daga baitulmalinta ake biyan albashi da kuɗin magani. Wanda ke riƙe da irin wannan ɗaki ba nas ba ne a idon doka. Saurayi ne da ya yi elemantare ko midil, aka ba shi horo a babban asibiti, aka turo shi shi kaɗai. Jama'a suna ce masa malamin asibiti ko dispensa.

Abin da aka koya masa kaɗan ne, amma shi ne ginshiƙin aikin har gobe. Ya wanke hannu kafin ya taɓa ciwo. Ya tafasa allura da sirinji na gilashi kafin ya yi wa wani. Ya sa ma'aunin zafi, ya karanta, ya rubuta. Ya wanke gyambo, ya sa aidin, ya naɗe da bandeji. Ya shigar da sunan kowa da garinsa da ciwonsa a babban littafi, domin likitan da ke zuwa rangadi da littafin zai fara. Sannan ya san iyakarsa: abin da ya fi ƙarfinsa ya tura Katsina, ko da a kan jaki ne ko a motar gyaɗa.

Magungunan da ke hannunsa su ma suka ƙara masa daraja. Akwai kwinin tun farko. A ƙarshen shekarun 1930 aka samu ƙwayar M&B 693, wadda ta rage mace-macen sanƙarau da ciwon haƙarƙari, bayan yaƙin duniya na biyu kuma fenisilin ya iso. Mutanen da suka ga allura ɗaya ta tayar da wanda aka fid da rai a kansa ba su manta ba, kuma daga nan ne son allura ya kafu a ƙauye, har mutum ya ga ba a duba shi ba idan ƙwaya kawai aka ba shi.

Babban giɓin wannan zamani shi ne mata. Kusan duk ma'aikatan maza ne, matan aure kuma suna kulle, ba mai yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa. An buɗe makarantar 'yan mata a Katsina a 1930, amma waɗanda suka yi nisa a karatu har suka kai ga aikin asibiti 'yan kaɗan ne, iyaye kuma suna ƙyamar aikin da ke sa ɗiya ta kwana waje, ta taɓa jikin da ba na muharraminta ba. Shi ya sa aka yi ungozoma mai daraja ta biyu, wadda ake ɗauka da ƙaramin ilimi, kuma shekaru da yawa ɗakunan mata na asibitocin Arewa suna hannun 'yan Kudu da 'yan mishan da Turawa. Wanda ya karanta tarihin jinya daga takardun majalisa kawai ba zai ga malamin asibiti ba, domin sunansa ba ya cikin rajista. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da suka riƙe lafiyar gundumomi fiye da shekara 30.

Babbar Ruga

Mutanen wannan yanki sun san Babbar Ruga, a bayan birnin Katsina kan hanyar Batsari. Zangon kutare ne na En'e da aka miƙa wa mishan ta SIM a 1937, kuma a can aka horar da samari da dama wajen wanke miki da kula da ƙafar da ba ta jin zafi. Da ƙwayar dafson ta zo a farkon shekarun 1950, sai aka fara raba ta a garuruwa, masu kuturta suka daina barin gidajensu.

A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga saboda kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari, ya koma yi musu aiki. Wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabin nasarar aikin tana hannun nas. Bayan an yi ɗinki, robar fitsari za ta zauna aƙalla mako 2. Dole mace ta riƙa shan ruwa mai yawa dare da rana, dole a riƙa duba robar kada ta toshe, domin idan mafitsara ta cika ɗinkin zai ɓalle, aikin ya koma baya. Nas ce ke zagayawa da dare, ta ɗaga bokiti ta ga ko fitsarin na ɗiga, ta duba launinsa, ta tada wadda ta yi barci ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ƙara shan kofi ɗaya." Yawancin matan nan yara ne daga ƙauyuka da suka yi doguwar naƙuda a gida, wasu kuma yankan gishiri ya jawo musu.

Daga 1976

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ɗakunan shan magani suka koma hannun ƙananan hukumomi, Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ɗaya daga cikinsu. Bayan taron Alma-Ata na 1978, kuma musamman a zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti daga 1985 zuwa 1992, aka gina tsarin lafiya matakin farko a kan sabon ma'aikaci, wanda ake kira CHEW, wato ma'aikacin lafiya na cikin al'umma. Shi ne magajin malamin asibiti. A Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987, makarantun Kankiya da Daura ke horar da shi, makarantar Katsina ke fitar da nas, ta Malumfashi kuma ungozoma. Sakamakon haka, nas mai rajista ya fi yawa a babban asibitin Dutsin-Ma da makamantansa, asibitin ƙauye kuwa CHEW ke riƙe da shi. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince a hukumance a koya wa CHEW wasu ayyukan ungozoma, abin da ya daɗe yana yi bisa tilas.

Madatsar Zobe ta kawo kifi da noman rani, ta kuma kawo ruwan kwance da sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Yaro mai fitsarin jini ba baƙo ba ne a asibitocin gefen ruwan. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ta shafi Katsina, kuma ma'aikatan jinya da na lafiya ne suka yi ta allura da rigakafi, wani wurin a ƙarƙashin itacen bedi saboda gadaje sun cika.

A ɗakin kwanciya na yau aikin a rabe yake. Nas ke auna zafin jiki da bugun jijiya da numfashi da hawan jini, ya ba da magani, ya sa ƙarin ruwa, ya miƙa aiki ga mai karɓarsa gado bayan gado. Wanka da ciyarwa da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya fito, littafi ya ce aikin nas ne, amma mai jinya ke yi, a kan tabarmarta a gefen gado. Inda nas ya tsaya ya nuna mata yadda ake yi, majinyaci yakan tsira daga gyambon.

Shekarun baya-bayan nan

A 2009 aka fara shirin tura ungozomomi karkara. Daga 2012 shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a jihohin Arewa har da Katsina, ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye yana shirya su shiga makarantun lafiya bisa sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki. Hare-haren 'yan bindiga a Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun sa kwanan aiki a asibitin ƙauye ya zama kasada, ƙwararru kuma suna ficewa ƙasashen waje. A 2024 majalisar jinya ta sa sharaɗin aikin shekara 2 kafin ta tantance takardun mai son fita, ma'aikata suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.